Man Birki a Tsohuwar Mota: Tsakanin Ciko da Juye

Duk wanda ya san Bukan Sidi, unguwar nan ta birnin Lafia da ke bakin hanyar Jos, inda mota kan bi idan ta nufi Shabu da Nasarawa Eggon har ta dangana da Akwanga, ya san cewa motocin da jama'ar wannan yanki suka dogara a kansu, waɗanda ke kai ma'aikaci ofis, su kai majiyyaci asibiti, su kwaso doya da riɗi da agushi daga ƙauyuka zuwa kasuwa, galibinsu tsofaffi ne, sun riga sun ci zamaninsu a Turai ko Amurka kafin su soma wani zamanin a hannunmu. Masu su kuwa, in za a yi musu adalci, ba mutane ne masu gafala ba: kullum safiya sukan ɗaga bonet su zaro sanda su duba baƙin mai, su leƙa ruwan lagireto, su ƙwanƙwasa taya, kuma da wuya ka sami direban haya da bai san ranar da ya yi juye na ƙarshe ba. Amma akwai wani ɗan kofin roba a can ƙuryar bonet, daidai gaban mazaunin direba, wanda ba a tunawa da shi sai jar fitila ta kama, ko ƙafa ta ji birki ya yi laushi, sa'an nan mai mota ya tsaya bakin gareji ya ce, “Maigida, a ɗan ƙara mini man birki,” a ƙara masa, ya biya, ya kama hanya. Wannan ƙari ba ya biyan bukata, domin man birki abu ne mai tsufa, yana lalacewa ko da ɗigo ɗaya bai zuba ba, kuma ba shi da magani illa a juye shi ƙaf a zuba sabo, aikin da a tsohuwar mota yake da nasa sharuɗɗa da nasa haɗurra.

Wajibi ne a san haƙiƙar abu kafin a yanke masa hukunci. Tun a ƙarni na 17 masanin lissafin nan na Faransa, Blaise Pascal, ya bayyana cewa ruwan da aka kulle cikin mazubi, in aka danna shi ta wani gefe, ƙarfin dannawar yana isa ko'ina a cikinsa ba tare da ya ragu ba. A kan wannan ƙa'ida ce wani Ba'amurke, Malcolm Loughead, ya ƙago birkin mai na mota wajen 1918, har kamfanin Duesenberg ya sa shi a tayoyi huɗu na motarsa a 1921, daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu sannu a hankali, aka bar birkin waya da sanduna. Idan direba ya taka birki, ƙafarsa tana tura fistin da ke cikin masta, masta ya tura mai cikin siraran bututun ƙarfe da tiyon roba zuwa kowace taya, a can kuma man ya tura wani fistin, wanda zai matse fad a jikin faranti a tayoyin gaba, ko ya buɗe lainin a cikin dram a tayoyin baya, kamar yadda yake a yawancin tsofaffin motoci. Ke nan babu wani abu tsakanin tafin ƙafar direba da tayar da ke gudu bisa kwalta face wannan mai, wanda dukansa bai cika kaiwa lita ɗaya ba. Muddin mai ne zalla, umarnin ƙafa yana isa nan take, domin mai, kamar ruwa, ba ya matsuwa. Da zarar iska ko tururi ya sami wuri a cikinsa kuwa, to, su suna matsuwa, sai ƙafa ta nutse har ƙasa tana danna kumfa, motar tana ci gaba da gudunta.

Man da aka fara amfani da shi a wancan zamani haɗi ne na man zurma da sinadarin barasa, amma na yau, wanda ake sayarwa cikin ƙananan gwangwanaye da robobi a shagunan kayan gyara, ba dangin baƙin mai ko man giya ba ne, sinadari ne daga jinsin gilaikol, kuma yana da wata ɗabi'a wadda a kanta dukan wannan mas'ala ta ginu, watau yana jawo ruwa daga iska ya shanye, yadda gishirin Keana kan jiƙe da kansa in an bar shi a buɗe cikin damina. Kada mai karatu ya zaci wannan aibi ne da ya kuɓuce wa masu haɗa shi. Da saninsu suka zaɓi haka, domin sun san ruwa ba zai rasa hanyar shiga ba, ta ɗan hujin numfashi da ke murfin kofi, ta jikin tiyon roba, ta bakin robobin fistin, kuma da man ba ya shan ruwa, da ruwan ya gangara ya taru wuri ɗaya can ƙasa kusa da taya, inda zafi ya fi tsanani, ya tafasa a digiri 100, ya ci ƙarfe a wurin, a ƙasashen sanyi kuma ya daskare ya toshe bututu. Sai suka ga mafi sauƙin sharri biyu shi ne man ya rarraba ruwan cikin jikinsa, bisa sharaɗin za a riƙa zubar da shi ana sa sabo kafin ya ƙoshi. Mu kuwa mun karɓi motar, mun bar sharaɗin.

Ma'aikatar sufuri ta Amurka, wadda haruffan DOT da ke jikin kowace roba suke nuni gare ta, ta kafa mizani a kan wannan: man da aka rubuta wa DOT 3 bai halatta ya tafasa ƙasa da digiri 205 na ma'aunin Salshiyas ba yana sabo, amma idan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, abin da bai wuce cokali biyu da rabi a lita guda ba, mizaninsa ya sauko 140. DOT 4 kuma yakan sauko daga 230 zuwa 155. Ruwa kaɗan ke nan ya cinye kusan sulusin ƙarfinsa na jure zafi. Ga Lafia kuma tana cikin kwarin Binuwai, inda damina kan kama daga Afrilu har Oktoba, iska ta yi nauyi da laima wata bayan wata, mota ta ratsa ruwan da ya kwanta a kan hanya, a kai ta wanki a fesa wa injin ruwa da ƙarfi. Saboda haka man da zai yi jinkirin ƙoshi a Sakkwato ko Maraɗi, a nan zai riga shi. Balle motar da aka shigo da ita ta Legas ko Kwatano, wadda ta kwana makonni bisa teku, ta zauna bakin tashar jiragen ruwa, kuma babu wanda zai iya faɗa maka shekarun man da ke cikinta tun a hannun mai ita na farko.

To, ina zafin yake fitowa? Birki ba ya kashe gudu sai ta hanyar mai da shi zafi. Motar da nauyinta da lodinta ya kai tan ɗaya da rabi, idan ta gangaro tudu mai tsawon mita 100 a kan birki kaɗai, zafin da zai taru a farantanta ya isa ya kai lita huɗu na ruwan sanyi ga tafasa, kuma wani kaso na zafin nan yana ratsa fad ya ratsa fistin ya sami man da ke bayansa. Yanzu a yi ƙiyasi da wanda ya taso daga Jos, wadda tudunta ya kai kimanin mita 1,200, zai sauka Lafia da ba ta kai mita 300 ba, ya biyo Hawan Kibo da lanƙwasoshinsa, ya wuce Akwanga, ya tarar da gangaren nan na ƙasar Eggon wanda direbobi suka laƙaba wa suna da Turanci “Many Have Gone” saboda yawan waɗanda suka halaka a wurin. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, wasu direbobi sun ƙara riƙo da al'adar sakin giya a firi a kan gangara, wasu har su kashe injin don tattalin mai, alhali injin da ke cikin giya shi ne mataimakin birki na farko, kuma kashe shi yana ɗauke iskar da ke sauƙaƙa wa ƙafa taka birki. Sai nauyin dukan gangaren ya koma kan tsohon mai da ya sha damina huɗu ko biyar.

A nan ne wannan cuta take ɓoye kanta, kuma saboda haka nake ganin ta fi sauran cututtukan birki sharri. Fad da ya cinye yana ƙara, tiyon da ya fashe yana barin shaida a ƙasa, amma man da ya tafasa, da zarar mota ta tsaya minti ashirin ya huce, tururin ya koma ruwa, birki ya dawo daram tamkar babu abin da ya faru. Wanda ya zo dubawa daga baya zai taka ya ji ƙarfi, ya ce ai birki lafiya lau yake, sai a ɗora wa direba barci ko ganganci, wasu kuma su ce wurin ne yake da iskokai. Wanda Allah Ya kuɓutar kuwa ya yi hamdala, ya ci gaba da tafiya da man nan har wata gangara. Na yi imani da ƙaddara, kuma ajali ba ya gaba ba ya baya, amma malamanmu ba su taɓa raba tawakkali da riƙon sababi ba, kuma kiyaye rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo domin su. Sai dai ya kamata a yi tafsili don kada a ɗora wa mai laifin da ba nasa ba: tirela da tanka da manyan motocin kaya da iska birkinsu yake aiki, shanyewarsa wani babi ne dabam, haka kuma in fad ne ya yi zafi fiye da kima, ƙafa za ta ji birki da tauri, a ji ƙauri, motar ta ƙi tsayawa, saɓanin tafasar mai, wadda alamarta nutsewar ƙafa.

Ɓarna ta biyu ba ta da gaggawa, amma ita ce ke cin aljihu. Cikin sabon mai akwai sinadaran hana tsatsa, su ma suna ƙarewa da shekaru, in sun ƙare kuwa ruwan da ke ciki sai ya fara cin bututu da fistin da cikin masta, ya haifar da baƙin laka mai yawo da mai, har fistin ya maƙale, mota ta riƙa ja gefe ɗaya, ko taya ta riƙa zafi ba dalili. Motocin da ke da na'urar ABS, wadda ta fara yaɗuwa tun Mercedes ta sa ta a 1978, kuma yanzu tana cikin mafi yawan Camry da Corolla da Accord da ke hanyoyinmu, su ne suka fi jin jiki, domin ƙofofin da ke cikin na'urar ƙanana ne ƙwarai, laka kaɗan ke toshe su.

Daga wannan za a gane dalilin da ya sa ciko ba ya maye gurbin juye. Man da aka ƙara a kofi yana zaune a sama, ba ya zagayawa yadda baƙin mai ke zagaya injin. Wanda ke can ƙasa bayan fistin, inda wuta take, shi ne tsohon nan dai. Bugu da ƙari, man birki ba ya ƙonewa a cikin aiki yadda baƙin mai kan ƙone a injin, saboda haka in ya ragu a kofi, ɗayan biyu ne: ko dai fad ya cinye, fistin ya fito, mai ya bi shi ya cike gurbin, ko kuwa akwai inda yake yoyo. A hali na farko ciko yana kashe fitilar da ke gargaɗin cewa fad ya kusa ƙarewa, a na biyu kuma yana jinkirta neman ramin ne kawai. Mai motar da ke ciko duk mako ba mai kula ba ne kamar yadda yake zato, mai yoyo ne da bai nemi inda yake ba.

Game da wa'adi, akwai saɓani tsakanin kamfanoni: galibin na Turai sun ce duk shekara biyu, Honda ta ce shekara uku, ko motar ta yi tafiya ko tana ajiye, tun da laima ba ta duba ma'aunin tafiya. Abin da na rinjayar ga motar gida a Lafia shi ne shekara biyu, ga motar haya mai bin Jos da Abuja da lodi kuwa duk shekara, a ƙarshen damina, cikin Nuwamba, lokacin da iska ta bushe kuma tafiye-tafiyen ƙarshen shekara suke gabatowa. Wanda ya sayi mota ta hannu kuma ya juye a makon farko ba tare da tambayar kowa ba. Launi yana taimakawa amma ba hujja ce yankakkiya ba: sabon mai garau yake da ɗan ruwan ɗorawa, in ya yi baƙi lalle ya tsufa, sai dai yana iya ƙoshi da ruwa launinsa bai sauya sosai ba. Akwai wata 'yar na'ura mai siffar alƙalami da ake tsomawa a kofi ta nuna kason ruwa, ba ta da tsada, kuma da ƙungiyoyin direbobi a tasha da ƙungiyoyin makanikai za su mallaki ɗaya-ɗaya, da an sami fa'ida mai yawa, domin jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, yana iya ganin tayar da ta suɗe da fitilar da ta mutu a bakin hanya, amma ido ba ya ganin ruwa cikin mai.

Wane mai za a zuba? Amsar tana rubuce a murfin kofin, sai a goge ƙura a karanta. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 jinsi ɗaya ne, suna gaurayuwa, kuma motar da aka rubuta wa 3 tana karɓar 4, amma wadda aka rubuta wa 4 kada a sauko da ita zuwa 3. DOT 5 kuwa, duk da kusancin lamba, wani jinsi ne dabam na silikon, launinsa shuni-shuni, ba ya gaurayuwa da sauran, kuma bai dace da ABS ba. Wasu tsofaffin Citroën suna da nasu koren mai, wannan nadiri ne a wajenmu. Abin da ya haramta ƙwarai shi ne baƙin mai, ko man giya, ko man sitiyari, ko wanke kayan birki da fetur da kananzir, domin ɗan kaɗan daga cikinsu yana kumbura duk robar da ya taɓa, har sai an sauya su baki ɗaya. Ruwan omo da wasu direbobi kan zuba in birki ya tsiyaye musu a daji, da ƙusar da akan buga a toshe bututun tayar da ke yoyo, in lalura ce ta sa, to, lalura gwargwadonta ake ɗauka: a fito da motar daga daji a hankali, ba fasinja, a wanke layin a gyara a ranar. Abin baƙin ciki shi ne a ga motar ta ci gaba da lodi a haka wata da watanni. Sa'an nan a sayi man a rufe da hatiminsa, a wurin wanda aka amince da shi, tun da jabu ya yi yawa a kasuwa. Ragowar da aka buɗe tun bara, ko wanda aka ɗura a gorar ruwa ake aunawa, ya riga ya sha laima kafin ya shiga mota.

Aikin kansa ba ya bukatar kayan zamani: lita ɗaya ta sabon mai, sirinji, siririn tiyo da ake ganin abin da ke cikinsa, kwalba, sifana mai zobe daidai da noti, jak da abin tokarewa mai ƙarfi, da mutum biyu masu jin maganar juna. A ajiye motar a wuri mai daidai, a goge bakin kofi kafin a buɗe, a zuƙe tsohon man da sirinji ba tare da an bar ƙasan kofin ya bushe ba, a cika da sabo. Daga nan a fara da tayar da ta fi nisa da masta. Tun da Najeriya ta koma tuƙin hannun dama a Afrilun 1972 sitiyarin motocinmu yana hagu, don haka tsarin da aka saba shi ne bayan dama, bayan hagu, gaban dama, gaban hagu, sai dai wasu kamfanoni, Honda na cikinsu, suna da nasu tsari, wanda littafin motar shi ne alƙali a kansa. A sa tiyo a bakin ɗan notin fitar da iska, ɗaya bakin a cikin kwalba, yaro ya zauna a mazaunin direba. Maigida ya ce, “Buga,” yaro ya taka sau uku a natse, ya ce, “Riƙe,” yaro ya amsa, “Na riƙe, maigida”, sai a sassauta notin, mai ya fito, a ɗaure, sa'an nan a ce, “Saki.” In yaro ya saki kafin a ɗaure, iska ta koma ciki, aiki ya koma baya. Haka za a yi ta maimaitawa, ana leƙa kofi ana cikawa, har baƙin ya ƙare, garau ya biyo baya ba kumfa ko ɗaya, kana a koma taya ta gaba. Wannan shi ne bambancinsa da fitar da iska da ake yi a garejinmu bayan sauya fad ko roba, inda akan buga sau biyu ko uku, man ya tsartu a ƙasa, da ƙafa ta ji tauri a ce an gama. In kulocin motar na mai ne, shi ma a juye shi a wannan zama.

Sai dai tsohuwar mota tana da tarkuna waɗanda sabuwa ba ta da su, kuma a nan ne gwani yake bambanta da mai koyo. Mafi girmansu yana cikin masta. Shekara goma sha biyar ko ashirin fistin yana kai da komowa a ɗan taƙaitaccen wuri, wurin ya yi santsi, abin da ke gaba da shi kuwa, inda bai taɓa isa ba, tsatsa da laka sun kwanta. To, in aka buɗe noti yaro ya danna birki har ƙasa da ƙarfinsa, sai robar fistin ta bi ta kan wannan kaushi ta yage, kwana biyu bayan haka birki ya fara nutsewa a hankali in an tsaya a danja. Maganin wannan guntun katako ne da za a ajiye ƙarƙashin abin takawa, don kada ya wuce inda ya saba zuwa. Wanda ke da haƙuri kuma yana iya buɗe notin kawai ya bar man ya riƙa ɗiga da nauyinsa yana cika kofi, hanyar da ta fi kowace jinkiri kuma ta fi kowace tausaya wa tsohon masta. Sai ɗan notin kansa, wanda rami ne a cikinsa, ga shi siriri, ga tsatsar shekaru ta kama shi: a kankare shi da buroshin waya, a fesa masa maganin tsatsa tun jiya, a kama shi da sifana mai zobe, a lallaɓa, domin in aka sa masa filaya ko aka yi masa ƙarfi ya karye a ciki, aikin awa ɗaya ya zama sayen kalifa, watau gidan fistin da notin ke jikinsa. Kuma tun da an riga an cire tayoyi, asara ce a mayar ba a duba tiyoyin roba ba, ko sun tsattsage ko sun kumbura, da bututun ƙarfe da ke bin ƙarƙashin mota, musamman a motocin da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a hanya lokacin ƙanƙara. A mota mai ABS kuwa babban sharaɗi shi ne kada kofi ya bushe ko sau ɗaya, domin iskar da ta shiga na'urar sau da yawa ba ta fita sai da kwamfutar gwaji.

Na san hujjar masu ƙin juye, kuma ba hujjar banza ba ce. Sukan ce, wane yana zaune lafiya da motarsa, ya je ya juye man birki, mako bai zagayo ba masta ya mutu, saboda haka abin da bai dame ka ba kada ka dame shi. Abin da suka gani gaskiya ne, fassararsa ce ba daidai ba, domin ko dai an danna birki har ƙasa kamar yadda na bayyana, wannan kuwa laifin hannu ne, ko kuwa robar ta riga ta mutu, laka ce ke toshe ɓarakar, sabon mai ya wanke ta asiri ya tonu. Masta da laka ke riƙe da shi zai saki ko an juye ko ba a juye ba, kuma gara ya saki a bakin gareji a Bukan Sidi da ya saki a Hawan Kibo da mutum bakwai a ciki.

Akwai haƙƙi a kan makanike, akwai kuma a kan mai mota. Malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki yana lamunce abin da ya salwanta a hannunsa, kuma sun gina wannan hukunci a kan maslahar mutane, alhali abin da suke magana a kai tufa ce a hannun maɗinki ko marini. Ina ga wanda aka damƙa wa abin da rayuka suka rataya a kansa? Amanarsa ita ce ya faɗa wa mai mota gaskiyar abin da ya gani, ya buɗe robar man a gabansa, kada ya mai da tsohon da ya tara a kwalba cikin motar wani, kuma ya koya wa yaransa dalilin kowane mataki, tun da su ne masu gidan gobe. Mai mota kuma ya daina tsayawa a kan makanike yana cewa sauri yake yi, ya biya ladan aikin awa guda da daɗin rai, tun da kuɗin man da ladan duka ba su kai kuɗin sabuwar taya ɗaya ba.

In an gama, a wanke da ruwa duk inda man ya ɗiga, domin yana cin fenti. A cika kofi zuwa layin sama ba a wuce ba. A taka birki a riƙe rabin minti a ga ko zai nutse. A leƙa kowane noti. A gwada motar a hankali cikin unguwa kafin a hau babban titi. A rubuta wata da shekara a ɗan kwali a ɗaure kusa da kofin. Tsohon man guba ne, kada a zubar da shi kusa da rijiya ko inda awaki ke sha, kada a ajiye shi cikin gorar lemo inda yara ke wasa, kuma al'adar nan ta shafa shi a ciwo ko makero a bar ta. Wanda kuma abin ya riske shi a kan gangara kafin ya juye, ya ji ƙafarsa ta nutse, kada ya kashe injin. Ya riƙa buga birkin da sauri, sau da yawa yakan ɗan kama, ya sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ya ja birkin hannu sannu-sannu yana riƙe da maɓallinsa. In Allah Ya sa ya tsaya, kada ya watsa wa farantan ruwa, domin suna iya lanƙwashewa ko su tsage, kuma kada dawowar birkin bayan ya huce ta ruɗe shi: ya sauke fasinja, ya lallaɓa a giya ta biyu zuwa gareji mafi kusa, a juye man a ranar.